Yadda Ake Shiga Harkar Ingantaccen Sauti a Gida Ba Tare da Asarar Kuɗi Ba

Yawancinmu mun saba da sauraro ta iyafis ɗin da ya zo cikin kwalin waya, ko ta sifikar da aka rubuta wa dubban wat a jikin kwalinta, har kunnenmu ya ɗauka cewa iyakar abin da sauti zai iya ke nan. Ranar da mutum ya fara sanya hedifon na ƙwarai, ya kunna waƙar da ya haddace tun yana yaro, sai ya ji abubuwan da bai taɓa sanin suna cikinta ba: numfashin mawaƙi kafin ya ɗauko baiti, gogar yatsa a kan tsarkiyar gurmi, da yadda muryoyin 'yan amshi suke rarrabe, kowacce da kalarta. Daga nan sha'awar take kama mutum, daga nan ne kuma masu ɓarnar kuɗi suke somawa, domin kasuwar nan cike take da kayan da sunansu ya fi aikinsu.

Ka riƙe ƙa'ida ɗaya tun daga farko, wato mafi yawan kuɗinka ya tafi ga abin da yake kaɗa iska ya haifar da sautin, ko hedifon ne ko sifika. Na'urorin da ke bayansu suna da nasu amfanin, amma bambancin da ke tsakanin hedifon biyu ya ninka wanda ke tsakanin amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) biyu masu lafiya nesa ba kusa ba.

Kafin ka sayi komai, ka tara sautuka biyar ko shida da ka sani kamar yunwar cikinka, ka ajiye su a wuri ɗaya cikin wayarka, domin su ne ma'auninka a duk inda za ka gwada kaya. Ya kamata a samu muryar mutum ita kaɗai a cikinsu, kamar karatun Alƙur'ani daga makarancin da ka saba da shi, saboda kunnen ɗan Adam ya fi gane aibu a cikin murya fiye da kowane sauti. Idan hedifon ya sa muryar ta koma kamar ta mai mura, ko harafin sin ya riƙa sukar kunne, ka gano lahaninsa cikin minti ɗaya. Ka haɗa da kiɗan da ke da ganga ko kalangu don jin sauti mai kauri, da wanda ke da goge ko algaita don jin siririn sauti, sannan da waƙa guda mai kayan kiɗa da yawa don ka ga ko za su cakuɗe.

Sai dai ma'auni ba ya amfani idan shi kansa gurɓatacce ne. Yawancin waƙoƙin da ke yawo daga waya zuwa waya an ciro su ne daga bidiyo, an matse su an sake matsewa, kuma hedifon mai kyau ba zai gyara su ba, sai ma ya ƙara tona asirinsu. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, yana ɗaukar ma'aunin sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, abin da ya isa ya ƙunshi duk abin da kunnen mutum ke iya ji, wato daga kaɗawa 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa. Fayil na FLAC yana adana wannan ingancin ba tare da zubar da komai ba, shi kuwa MP3 yana zubar da wani ɓangare don ya rage nauyi. A ganina MP3 mai kilobit 320 (ma'aunin yawan bayanan da fayil ke ɗauke da su a kowace daƙiƙa) ya wadatar da mai farawa, domin mutane ƙalilan ne suke iya bambance shi da FLAC idan an ɓoye musu wanne ne wanne, ga shi kuma waƙar minti huɗu ba ta wuce megabait goma ba, alhali ta FLAC takan ninka hakan sau biyu ko uku. Wanda za ka guje wa shi ne mai kilobit 128 zuwa ƙasa, da duk wanda ba ka san asalinsa ba.

Zaɓen hedifon yana farawa ne da tambayar inda za ka riƙa sauraro. Akwai mai buɗaɗɗen baya, wanda kofunansa suke da raga, iska tana shiga tana fita. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fitar da irinsa a 1968 da samfurin HD 414, kuma HD 600 da ya fitar a 1997 har yau ana auna sababbin hedifon da shi wajen fitar da murya yadda take. Irin wannan yana ba da sauti mai faɗi, kamar kana zaune a gaban makaɗa, kunne kuma ba ya yin gumi sosai, wanda ba ƙaramin abu ba ne a watannin bazara. Aibinsa shi ne ba ya tare komai: wanda ke kusa da kai zai ji abin da kake ji, kai kuma za ka ji kukan janareton maƙwabci da hayaniyar yara a tsakar gida. Idan ba ka da ɗakin da ke yin shiru ko da daddare ne, kada ka saye shi komai yabon da ka ji ana yi masa.

Mai rufaffen baya shi ne ya fi dacewa da gida mai jama'a da ofis. Sony MDR-7506, wanda ake ƙerawa tun 1991, ya daɗe a hannun ma'aikatan gidajen rediyo da masu ɗaukar sautin fim, haka ma Beyerdynamic DT 770 Pro da Audio-Technica ATH-M50x. An yi su ne don aiki, saboda haka suna da ƙarko, kuma ana samun kayan gyaransu. Sai nau'i na uku, wato ƙananan da ake cusawa cikin ramin kunne, kuma a nan ne nake ba mai ƙaramin ƙarfi shawarar ya fara. A shekarun baya-bayan nan kamfanonin Sin irin su Moondrop da Truthear da 7Hz sun fitar da iyafis na kimanin dala 20 zuwa 50 waɗanda tsarin sautinsu ya kunyata wasu masu tsada. Sirrin amfani da su yana ga robar da ke bakinsu. Ana haɗo ta girma uku a cikin kwali, kuma wajibi ne ka gwada kowacce har ka sami wadda ta toshe kunnenka tsaf, domin idan iska tana zurarewa, sauti mai kauri zai ɓace gaba ɗaya, ka zargi kayan alhali laifin na zama ne.

Lambobin da ke jikin kwali ba duka ne suke da amfani ba. Rubutun da ke cewa hedifon yana kaiwa daga kaɗawa 5 zuwa 40,000 ba ya gaya maka yadda zai yi daɗi, tun da bai faɗi ƙarfin kowane sashe ba. Abin da ya fi amfani shi ne zanen da masu gwaji suke wallafawa, mai nuna inda hedifon ya ɗaga sauti da inda ya sauke shi. Masu bincike na kamfanin Harman mai ƙera kayan sauti, ƙarƙashin jagorancin Sean Olive, sun yi shekaru suna gwada mutane ba tare da sun ga sunan abin da suke saurare ba, suka fitar da tsarin sautin da mafi yawan masu sauraro suka fi so, kuma ana yawan kwatanta sababbin kaya da shi. Ba doka ba ce, domin wani ya fi son sauti mai kauri fiye da haka, amma mafari ne mai kyau.

Lamba ta biyu da za ka duba ita ce ta om, wadda take nuna turjiyar hedifon ga wutar da ke shiga cikinsa. Mai om 32 waya za ta iya tuƙa shi cikin sauƙi, amma HD 600 om 300 gare shi, kuma zai fi sakewa idan an haɗa shi da amfilifaya. DT 770 Pro yana zuwa ne iri uku, mai om 32 da mai 80 da mai 250, don haka ka tabbatar da wanda kake saye kafin ka biya. Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni suka bi sahu, mutane da yawa suna amfani da ɗan guntun kebul da ake maƙalawa a ramin caji. A cikin wannan guntun akwai na'urar DAC, mai juya lambobin fayil su koma sauti, kuma na asali mai kimanin dala 10 ya ishi mafi yawan iyafis da hedifon masu sauƙin tuƙi. Kada ka sayi amfilifaya sai ka ga ka ƙure ƙarar waya amma sautin bai kai maka ba. Kebul mai tsada kuwa, wanda ake cewa yana ƙara wa sauti zaƙi, ka bar shi a inda ka gan shi. Ka nemi mai ƙwari kawai.

Hedifon na Bluetooth, wato marar kebul, yana da daɗin sha'ani, kuma mai kashe hayaniya yana da amfani ƙwarai a tafiyar mota ko jirgi. Sai dai yana matse sauti kafin ya aika, ko da ta tsarin LDAC na Sony ne mai kaiwa kilobit 990, sannan batirinsa yana tsufa cikin 'yan shekaru, alhali mai kebul yakan yi shekara goma ko fiye idan ana sauya masa sosan da ke rufe kunne.

Idan ka koma ga sifika, ɗakin da kansa ya zama rabin kayan sautin. Sifika biyu masu kyau sun fi guda shida marasa kyau, kuma mafi sauƙi ga mai farawa shi ne irin waɗanda amfilifayarsu ke cikinsu, kamar Edifier R1280T ga mai ƙaramin kasafi, ko JBL 305P da Yamaha HS5 ga wanda ya ɗan fi ƙarfi. Ka yi watsi da lambar wat da aka rubuta PMPO a gefenta, domin ta talla ce. Wadda aka rubuta RMS ita ce ta fi kusa da gaskiya, kuma wat 20 zuwa 50 na gaske a kowace sifika sun cika ɗaki madaidaici. Ka ajiye su yadda tazarar da ke tsakaninsu za ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa inda kake zama, ka ɗan karkato fuskarsu gare ka, ƙaramar sifikar da ke sama mai fitar da siririn sauti ta daidaita da tsayin kunnenka. Kada ka cusa su a lungu ko ka manna su da bango, domin hakan yana kumbura sauti mai kauri har ya danne murya. Daga nan ka tsaya a tsakiyar ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya. Idan ka ji amsa-kuwwa mai kaifi, kamar yadda aka saba ji a ɗakin siminti mai tayil, to darduma mai kauri, labule mai nauyi da kantar littattafai za su yi maka aikin da sabuwar na'ura ba za ta yi ba. Ka kuma tuna cewa sauti mai kauri yana ratsa bango fiye da kowane sauti, maƙwabci kuwa yana da haƙƙi, musamman da dare da lokutan salla.

Wutar lantarki ita ce ta fi kashe kayan sauti a wurarenmu. Kada ka haɗa sifika ko amfilifaya kai tsaye da bango ba tare da sitabilaiza ba, ka kashe su kafin a tayar da janareto ko a sauya layi, ka kuma zare su idan hadari ya taso da tsawa. Masu sayen kayan gwanjo su duba bayan na'ura da kyau, domin wutarmu tana tsakanin bolt 220 da 240 ne, ta Amurka kuwa 120 ce, ta Japan 100, kuma amfilifayar da aka yi don can za ta ƙone nan take idan ba a sa mata taransifoma mai rage wuta ba.

Akwai abu guda a cikin wannan harka da ba a sayar da madadinsa, shi ne kunne. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne masu karɓar sauti ba sa sake tsirowa idan suka mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 80 har tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan ƙarar ta kai desibel 90, awa huɗu kacal ke gare shi a makon. Haɗarin hedifon mai kyau shi ne sautinsa ba ya gurɓata idan an ƙure shi, sai mutum ya riƙa ƙara murya bai sani ba. Ka saita ƙarar tun kana wuri mai shiru, kada ka ɗaga ta don ka danne hayaniyar titi, ka riƙa cire hedifon kana hutawa bayan kowace awa. Idan ka cire ka ji kunnenka yana ƙara shi kaɗai, ka wuce gona da iri, idan kuma abin ya ƙi dainawa, ka ga likitan kunne.

Wajen saye, ka tafi da wayarka da sautukan nan naka, ka saurara da ƙara iri ɗaya a kowane samfuri, domin kunne yakan ɗauka wanda ya fi ƙara shi ne ya fi kyau. Ka bar hedifon a kanka na aƙalla minti goma sha biyar ka ji ko yana matse maka kai, tun da wanda ke sa ciwon kai ba za ka riƙa ɗaukarsa ba komai daɗinsa. Jabu ya yi yawa, musamman na sunayen da suka shahara, saboda haka farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na kamfani alama ce ta a yi hattara, kuma ya kamata ka yi yarjejeniya da mai shago a kan mayarwa kafin kuɗi su bar hannunka.

Bayan ka kawo shi gida, ka ba shi mako biyu kana sauraro kafin ka yanke masa hukunci, domin kunnen da ya saba da kumburarren sauti yakan ji daidaitaccen sauti kamar lami a kwanakin farko. Idan har bayan haka wani sashe bai yi maka ba, ka gwada manhajar ikwalaiza, mai ɗaga ko rage kowane sashen sauti, ka rage wurin da ya yi yawa da desibel biyu ko uku maimakon ka ɗaga sauran. Ka riƙa goge sosan hedifon da busasshen ƙyalle bayan amfani, saboda gumi da zafi suna sa fatar roba ta yi ta ɓarewa, a lokacin hunturu kuma ka ajiye shi cikin jakarsa, ka lulluɓe sifika da mayafi don ƙura kada ta shiga ragarsu.