Yadda ake shirya bita ga shugabannin sassa a makaranta

Yawancin shugabannin sassa da siniya masta an ba su muƙamin ne saboda sun iya koyarwa, amma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake jan ragamar abokan aiki. Bitarka ta cike wannan giɓin.

Ka fara da tattara abin da ke hannu: sakamakon WAEC da NECO na bara, rajistar zuwan malamai, da lesin not, wato rubutaccen shirin darasi, na kowane sashe. Daga nan ka zaɓi matsala ɗaya tak. Bitar da ta haɗa tarbiyya da jarrabawa da kuɗi a yini guda, ruwan kwalba kawai ake sha a watse.

Sai rana. Makon da ya gabaci buɗe zango ya fi, ko Asabar da safe, a tashi kafin azahar. Wanda zai taso daga Samaru ko Shika zuwa cikin birnin Zariya a ba shi kuɗin mota. Kada ka dogara da majigi, wuta ba ta da alƙawari. Allo da alli sun isa.

Mai gabatarwa ba ya wuya a Zariya, ga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Amma a ganina tsohon firinsifal da ya sha ƙurar alli ya fi amfani, in dai ka iyakance masa minti 30.

Mafi yawan lokacin ka ba gwaji, don nan ne gizo ke saƙa. Abin da ke ɗaure shugaban sashe shi ne yi wa wanda ya girme shi gyara, wataƙila ma malaminsa ne a da. A raba su bibbiyu, ɗaya ya zama dattijon da bai rubuta lesin not ba, ɗaya ya tunkare shi. Za ka ji ana sosa ƙeya ana dariya. Ka nuna musu a keɓe ake yi, a soma da yabo: "Malam, yara na jin daɗin darasinka, sai dai sikim, wato jadawalin darussan zango, ya wuce mu da mako biyu, yaya kake ganin za mu yi?"

Kafin a tashi kowa ya rubuta aiki ɗaya da zai yi, da ranar kammalawa. Mataimakin firinsifal ya riƙe takardun, a sake zama bayan mako huɗu a duba.