Tikitin jirgi mai araha: kurakuran da ke mai da shi mai tsada

Na gaji da ganin yaranmu na Maradi, masu fara zuwa sari Istanbul da Dubai da ɗalibai masu tafiya karatu, suna turo mini hoton farashi ta WhatsApp: "Alhaji, dubi wanda na samu, kusan kyauta." Wannan farashin na farko kuɗin ɗaukar jikinka ne kawai. Kamfanoni irin su Ryanair, Pegasus, Air Arabia da flynas sun rarraba komai a ƙaramin tikitinsu, akwati da kuɗinsa, zaɓen kujera da kuɗinsa, abinci ma haka. Ni ba na kwatanta farashi sai na kai shafin biya na ga jimilla.

Kaya su ne suka fi cin mutanenmu. Ɗan kasuwa ya tafi hannu rabbana, ya manta da dawowa zai yi da akwatuna cike da atamfa da takalma. Kilon da za ka saya ta intanet da sauƙi, a gaban kanta ninka maka shi ake yi, kuma ba a ciniki. Na sha ganin mata sun baje akwati a ƙasa suna ɗora abaya kan abaya, layi na kallonsu. Ni sikelin rataye nake sawa a aljihu, in auna a masauki, in bar kilo ɗaya na shakka. Jakar hannu ma girmanta ake dubawa, akwai wani ƙarfe da ake zura ta ciki, in ba ta shiga ba ka biya.

Amma abin da har yau yake ƙona mini rai maganar kujera ce. Wata shekara na raka Hajiyarmu umra, yaron da ya yanko mana tikitin wani jirgi na cikin Saudiyya ya tsallake wurin zaɓen kujera, wai ya rage mana kuɗi. Kwamfuta ta jefa ni can baya, ta sa tsohuwa a gaba tsakanin maza biyu baƙi. Ba ta jin Larabci, ba ta jin Faransanci, ga ciwon sukari, maganinta yana jakata. Na roƙi ma'aikaciyar jirgi ta ce jirgi ya cika, na roƙi na kusa da ita ya nuna mini shi ya biya kuɗin tagarsa, kuma gaskiyarsa. Da muka sauka na tarar ko bel ɗinta ba ta iya kwancewa ba, tana zaune tana jirana, kunya ta hana ta yi wa kowa magana. Ku ji tsoron Allah, yara! Kuɗin da bai kai na cefanen kwana biyu ba za ka raba tsohuwa da mai kula da ita? Sayen tikiti tare ba ya nufin zama tare. In ni kaɗai ne kuma tafiyar gajera ce, ko sisi ba na ba su, duk inda aka ajiye ni daidai ne. In akwai tsoho, ko iyali, ko ƙaramin yaro, tun ranar saye nake biyan kujeru, kafin masu haɗe su ƙare. Kada kuma ka saya wa tsoho ko mai goyo kujerar bakin ƙofar gaggawa don tana da wurin miƙe ƙafa, tashe shi za a yi.

Sai masu haɗa tikiti biyu na kamfanoni daban. Jirgin Turkish daga Yamai a babban filin Istanbul yake sauka, Pegasus kuwa gidansa Sabiha Gökçen, can ɓangaren Asiya. Sai ka karɓi kayanka ka fita ka ratsa gari, wato sai da biza, in na farko ya makara kuma tikiti na biyu ya tafi ke nan. Haka Air Arabia mazauninsa Sharja ne, wani gari daban kusa da Dubai, filin Beauvais na Ryanair kuma ya fi kilomita 80 daga Paris. Kuɗin mota ma ka lissafa shi.

Rajistar shiga jirgi ka yi ta a waya tun kana masauki. Ryanair na karɓar Yuro 55 ga wanda ya bari sai a filin jirgi, kimanin sefa dubu 36. Suna kuma yadda yake a fasfo za ka rubuta, in Mahamadou ne kada ka sa Muhammadu, gyara da kuɗi ne. Inshora da abincin da ba ka nema ba, duba ka cire su kafin ka danna biya.