Yadda Za Ka Bi Sawun Hijirar 'Yan Mormon Daga Nauvoo Zuwa Salt Lake

Hanyar da 'yan Mormon, mabiya wani coci da aka kafa a Amurka, suka bi zuwa yammacin ƙasar ta kai kilomita 2,100, ta ratsa jihohi biyar: Illinois, Iowa, Nebraska, Wyoming da Utah. Ayarin farko ya tashi a Fabrairun 1846, bai isa ba sai Yulin 1847. A mota kwana shida sun ishe ka, in dai za ka riƙa tsayawa. Ka tsara tafiyar tsakanin Yuni da farkon Satumba, domin daga Oktoba ƙanƙara na iya rufe hanyoyin tsaunukan Wyoming da Utah.

Ka ba Nauvoo yini guda cur. Nan mabiya Joseph Smith, wanda ya kafa cocin a 1830, suka gina gari a bakin kogin Mississippi bayan an kore su daga Missouri a 1838. Fara da gidan yarin Carthage, tafiyar rabin sa'a daga gari, inda gungun mutane suka harbe shi da yayansa Hyrum ranar 27 ga Yuni, 1844. In ba ka ga ɗakin nan ba, ba za ka gane abin da ya sa mutane suka bar gidajen bulo a tsakiyar hunturu ba. Daga nan ka dawo ka bi titin Parley da ƙafa har bakin ruwa, inda kekunan shanu suka yi layin tsallakawa.

Haikalin da ke kan tudu an sake gina shi ne a 2002, kuma daga waje kaɗai za ka kalle shi. Majami'unsu na ranar Lahadi a buɗe suke ga kowa, amma haikali sai ɗan coci mai takardar izini daga shugabanninsa. A ciki ake ɗaura auren da suka yi imani ba ya ƙarewa da mutuwa, ake kuma yi wa matattu baftisma ta hanyar wakilci. Haka dokar take a haikalinsu na Aba a jihar Abiya.

Iowa ba sai ka daɗe ba. Bi babbar hanya mai lamba 2 da mai lamba 34, ka leƙa Garden Grove da Mount Pisgah, zangunan da na gaba suka yi shuka don na baya su girba. Nisan da za ka ci cikin yini guda ya cinye musu fiye da wata huɗu, saboda laka ta riƙe ƙafafun kekuna. Wannan jinkiri ne ya tilasta musu yin hunturu a Winter Quarters, arewacin Omaha ta yau, inda ɗaruruwa suka mutu, da yawa daga ciwon rashin ɗanyen ganye, wanda ke sa dasashi ya kumbura ya yi jini. Maƙabartar na nan kusa da gidan tarihi.

Daga nan Brigham Young, wanda ya jagorance su bayan mutuwar Joseph Smith, ya ɗauki maza 143, mata uku da yara biyu a Afrilun 1847. Sun bi arewacin kogin Platte don kauce wa masu tafiya Oregon da ke bin kudu, a rage rigima kan ciyawa. Kai ka bi hanya mai lamba 80 zuwa Ogallala, ka karya kan mai lamba 26, za ta kai ka Chimney Rock, Scotts Bluff da Fort Laramie. Fili ne fetal babu itace, busasshen kashin ɓauna shi ne makamashinsu.

Wyoming ce zuciyar tafiyar. Cika tankinka a Casper, ka ɗauki ruwan sha aƙalla lita huɗu ga kowane mutum, da rigar sanyi ko da rani ne, don gidajen mai sun yi nisa da juna kuma sabis na waya yana ɗaukewa. Hanya mai lamba 220 za ta wuce da kai Independence Rock zuwa Martin's Cove, inda ake ba baƙi amalanke su ja. Ka ja ko na kilomita ɗaya ne, cikin takalmi rufaffe saboda macizai.

Daga 1856 zuwa 1860 ayari goma, mutum kusan 3,000, akasari talakawan Birtaniya da Skandinabiya, sun zo da irin wannan amalanke saboda ba su da kuɗin shanu. Tsarin shi ne mutum biyar ga amalanke guda, ashirin ga tanti guda, kayan kowane babba kada su wuce kilo takwas, abincinsa kusan rabin kilo na fulawa a yini. Ayari takwas sun isa ba tare da babbar asara ba. Na Willie da na Martin kuwa abu ya taru ya yi musu yawa. Sun iso Iowa City amalanken ba su haɗu ba, aka ƙera su cikin gaggawa da ɗanyen katako, wanda ya bushe a hanya ya tsattsage. Yashi ya manne wa maiƙon da ake shafa wa sandar ƙafafun, ya riƙa cinye ta. Ba su bar Florence, wato inda Winter Quarters yake a da, ba sai a Agusta. Da ƙarfi ya ƙare, ayarin Martin ya rage kaya, har da ƙona barguna, kwana biyu kafin ƙanƙara ta sauko ranar 19 ga Oktoba. Fulawa ta koma kwatan abin da aka saba. Fiye da mutum 200 suka mutu, duk da masu ceto da Brigham Young ya turo.

Mutane da yawa na wuce South Pass ba su sani ba, suna jiran ƙunƙuntar mashiga tsakanin duwatsu. Shimfiɗaɗɗen tudu ne mai tsayin mita 2,260 a kan hanya mai lamba 28, sai ka lura da allon gefen titi. Daga can sai Fort Bridger, Echo Canyon, Big Mountain, ka gangara ta Emigration Canyon kamar yadda Young ya shigo ranar 24 ga Yuli, 1847, ranar da Utah ke hutu har yau.

A Salt Lake ka duba faɗin tituna, mita 40, da rafin City Creek da suka tare don ban ruwa tun zuwansu. Laburaren FamilySearch, inda ake binciken asalin zuri'a, kyauta ne, kuma imanin nan na yi wa kakanni baftisma ne ya haifar da shi. Masu zagayawa da kai 'yan mishan ne, ana kiran namiji Elder, mace Sister. Ba sa shan giya, taba, kofi ko shayi, don haka kada ka miƙa musu. Sun fi son a kira su Latter-day Saints maimakon Mormon. In za ka tambayi zancen auren mata da yawa, ka tambaye shi a matsayin tarihi: cocin ya sanar da daina shi a 1890, Utah ta zama jiha a 1896, kuma ɗan cocin da ya yi shi yau korarsa ake yi.