Yadda Ake Rage Yashi-Yashi da Ƙiftawar Haske a Bidiyo

Masu ɗaukar bidiyon biki a Katsina sun yi ta tambaya kan hoton dare mai yashi-yashi da hasken da ke ƙiftawa. Ga matakan gyara su a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve Studio, wadda ake saya. DaVinci Resolve na kyauta ba shi da waɗannan kayan aikin.

1. Ajiye kwafin bidiyon na asali.
2. Buɗe shafin Color.
3. Jawo Deflicker, mai rage ƙiftawar haske, kan bidiyon tun kafin ka taɓa launi.
4. A cikin Deflicker, zaɓi Fluoro Light idan fitilar ɗakin taro ce ke ƙiftawa.
5. Kunna Temporal NR, mai rage yashi-yashi, ka sa yawan firam ɗin da zai kwatanta a 2.
6. A cikinsa, ɗaga Chroma (na yashin launi) har ɗigo-ɗigon launi su ɓace.
7. Ɗaga Luma (na yashin haske) kaɗan-kaɗan. Hattara, nan ake kwafsawa: in ya yi yawa, fuskar amarya za ta koma kamar roba, zanen lalle ya dushe, hannun mai rawa kuma ya riƙa jan inuwa.
8. Kunna bidiyon a girman 100%, ka duba inda motsi ya fi yawa.
9. Ƙara kaifin hoto a ƙarshe, don in ka fara da shi yashin zai ƙaru.

Wutar Najeriya 50Hz ce, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Don haka ranar ɗauka, don rage ƙiftawa tun daga farko, sa kyamara a firam 25 a daƙiƙa, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga kyamara) 1/50, sannan ka gwada in an koma janareta.