Kurakuran da Marubuta Labari Ke Yi a Kan Motar Famfon Kankare da Hatsarinta

Marubucin da ya kai labarinsa wurin ginin bene ko gada, ya kuma zaɓi motar famfon kankare ta zama sanadin hatsarin da zai juya rayuwar taurarinsa, yakan yi tuntuɓe tun daga sanin motar kanta. Da yawa suna haɗa ta da motar nan mai tulu mai juyawa wadda ke kawo kwaɓaɓɓen kankare, alhali motoci biyu ne daban. Motar famfo ba ta ɗauko kankare. Tana zuwa ne ta kafa ƙafafunta huɗu, ta miƙa dogon hannunta, sannan motocin kwaɓi su riƙa matsowa da baya suna juye mata a mazubin da ke bayanta. Daga nan silinda biyu ke aiki bi da bi, ɗaya na zuƙa ɗaya na turawa, shi ya sa ake jin bugu mai tsari kuma tiyon da ke ƙarshen hannun ke motsi da kowane bugu. Duk labarin da ya ce motar famfo ta iso maƙare da kankare ya rasa amincewar wanda ya taɓa aikin dakin, wato zubin kankaren bene.

Kuskure na biye da wannan shi ne zaunar da mai sarrafa motar a gaban sitiyari lokacin zubi. A zahiri yana waje, rimot rataye a wuyansa ko ɗaure a ƙugunsa, a inda zai hango bakin tiyo. Akwai wani dabam mai riƙe tiyon a kan rodi, akwai masu baza kankare da mai injin girgiza shi, akwai kuma direban motar kwaɓi da ke lura kada mazubi ya yi ƙasa. Kafin ka rubuta hatsari, zana wurin a takarda ka sa kowa inda aikinsa ya ajiye shi, domin wurin tsayuwa ne ke nuna wanda zai mutu da wanda zai tsira ya ba da labari.

Babban abin da ke damuna shi ne yadda ake rubuta hatsarin kansa. Sai a ce mota ta yi bindiga, wuta ta tashi, kowa ya watse. Ba haka wannan mota ta saba kashe mutane ba, kuma abin da take yi a gaske ya fi wannan ban tsoro.

Na farko wayar lantarki ce. Hannun motar ƙarfe ne, yana iya kai mita 30 ko 40 ko fiye, mai rimot kuwa idonsa na kan tiyo, wata gwiwar hannun na can sama tana matsawa kusa da waya. Ba sai ya taɓa ba, domin wuta mai ƙarfi tana tsallaka iska idan tazarar ta yi kaɗan, abin da ya sa ƙungiyar masu famfon kankare ta Amurka ke cewa a bar aƙalla ƙafa 20, wato kusan mita 6. A garuruwanmu wayoyin kilobolt 11 da 33 na bi ta gefen titi daf da gine-gine, don haka marubuci bai buƙatar ƙirƙiro komai. Wanda wutar ke samu sau da yawa shi ne mai riƙe tiyo ko wanda ya jingina da motar, mai rimot maras waya kuwa yana iya tsayawa lafiya lau yana kallo. Ga kuma abin da ya fi ciwo: mutanenmu ba sa ganin ɗan'uwa ya faɗi su tsaya, sai su ruga su kama shi, alhali motar da ƙasar da ke kewaye da ita suna ɗauke da wuta. Mutuwa ta biyu takan zo ne ta hannun tausayi, kuma labarin da ya tsallake wannan ya bar abin da zai fi taɓa zuciyar mai karatu.

Na biyu kifewa ce, ita ma ba ta faɗowa daga sama. Ƙafa ɗaya aka kafa a kan tsohuwar sokawe, ko bakin rami, ko ƙasar ciko da ruwan sama ya jiƙa, ko kuma lungu ya yi ƙunci aka ƙi buɗe ƙafafun ɓangare ɗaya gaba ɗaya. Motar na iya yin sa'o'i tana aiki lafiya, sai lokacin da hannun ya juya ta wannan ɓangaren nauyi ya taru a ƙafar. Gyaran a nan shi ne ka shuka dalilin tun da safe: a nuna katakon da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ƙafar bai isa ba, a ji wani ya yi magana, a ji foman ya ce babu lokaci.

Na uku shi ne dukan tiyo. Idan iska ta shiga bututu, misali mazubi ya ƙafe ko an tsaya an sake tashi, sai ta matse a bayan kankare, in ta samu hanya ta fito da ƙarfin da zai sa tiyo ya yi bulala ya kayar da mutum ko ya jefo shi daga bene. Yana da kyau marubuci ya san nauyin abin da yake magana a kai: bututun da aka saba amfani da shi faɗinsa milimita 125 ne, kuma kowace mita ɗaya tana ɗauke da kankare kusan kilo 30.

Mantawa da lokaci ma kuskure ne, kuma a nan ne rikicin labari yake kwance. Kankare ba ya jiran kowa. An daɗe ana ɗaukar kamar minti 90 daga kwaɓi zuwa zubi a matsayin iyaka, zafin Maris da Afrilu kuwa yana rage wannan. Motar kwaɓi ta maƙale a cunkoso, abin da ke cikin bututu ya fara daskarewa, ɗan kwangila na lissafin asara, sai wani ya kwance maɗaurin bututu ba tare da an mayar da famfo baya an sauke matsin ba. Mai yin haka ba mugu ba ne, mutum ne da aka takura, kuma haka ya kamata a rubuta shi.

Raunin siminti shi ma ana rubuta shi ba daidai ba. Ɗanyen kankare da ya shiga takalmi ba ya zafi nan take, sai bayan sa'o'i fata ta fara ƙuna.

Game da bincike kuwa, dogaro da gajerun bidiyon intanet ba ya wadatarwa, domin daƙiƙun ƙarshe kawai suke nunawa. Rahotannin hukumomin kare lafiyar ma'aikata, wato OSHA ta Amurka da HSE ta Birtaniya, suna bayyana abin da ya gabaci hatsari, littattafan aiki na kamfanonin ƙera waɗannan motoci irin su Putzmeister da Schwing da Sany kuma suna nuna abin da aka hana. Sai dai waɗannan ba za su ba ka muryar leburan Abuja ko Kano ba, wannan sai ka nemi izini ka je wurin aiki ka saurara. Kada kuma ka ɗora hatsarin da ka ƙirƙira a kan kamfani ko mutum na gaske.

Idan ka je, kada ka tafi da zarar an gama zubi. Tsaya ka ga wanki, lokacin da ake sa ƙwallon soso a zuƙo shi ta bututu, ake kuma wanke mazubin da ke da ƙarfe mai juyawa a cikinsa. A wannan sa'ar kowa ya gaji, injiniya ya tafi, kuma hannun da aka zura a mazubi ba a kashe inji ba yana cikin raunukan da masu wannan sana'a suka fi tsoro.