Darasi na Bakwai: Auna Albarushi da Gwada Saitin Bindigar Kurege

A tsaunukan gabashin Amurka, musamman a jihohin Kentaki da Tenesi, mafarauta sun daɗe suna amfani da wata doguwar bindiga mai siririn baki wadda ake ɗurawa ta gaba. Maƙeran da suka yi ƙaura daga Jamus zuwa Fensilbaniya ne suka fara ƙera irinta a ƙarni na 18, kuma har gobe ana farautar kuregen bisa da ita. Abin da ya raba ta da bindigar toka ta mafarautanmu shi ne tsagin da aka yi wa cikin bututunta a murɗe, wanda yake juya harsashi kamar katantanwa, ya sa shi tafiya a miƙe. Saboda haka alƙaluman da ke cikin wannan darasi na bindigar da kamfani ya ƙera ya kuma gwada ƙarfinta ne. Kada a ɗauke su a ɗora wa bindigar da aka haɗa da bututun ruwa, domin tana iya fashewa a hannun mai ita.

Faɗin bakin bindigar kurege kashi 32 ne ko 36 cikin ɗari na inci, wato wajen milimita 8 ko 9. Mai kashi 32 tana cin dunƙulen dalma mai kashi 31, wanda nauyinsa ya kusa giram 3, a naɗe cikin ɗan ƙyalle da ke cike ragowar gurbin. Albarushinta baƙi ne mai laushi, wanda ake rubuta wa FFFg a jikin gwangwani, kuma ana auna shi da giren. Giren 15 ya yi kusan giram ɗaya.

Kan kurege ƙarami ne, kuma idan harsashi ya same shi a jiki ya ɓata naman, don haka maharbi yake buƙatar sanin ainihin awon da bindigarsa take so. Bindigogi biyu na kamfani ɗaya ma ba lalle ne awonsu ya zo ɗaya ba, sai an gwada.

Maharbi yakan kafa takarda a nisan yadi 25, da tudun ƙasa a bayanta, ya zauna ya ɗora bindiga a kan buhun yashi don kada rawar hannu ta shiga lissafi. Zai fara da giren 15, ya yi harbi biyar yana auna wuri ɗaya, sannan ya je da rula ya auna tazarar da ke tsakanin huji biyu mafi nisa da juna, ya rubuta. Daga nan sai ya kafa sabuwar takarda, ya ƙara giren 5, ya maimaita, har ya kai 30, muddin bai haura iyakar da kamfanin ya rubuta ba. Ba a taɓa saiti a wannan mataki ko da harsasan suna sauka a gefe, domin abin da ake nema shi ne su taru wuri guda. Gyaran saiti yana zuwa ne bayan an sami awon. Masu garaje suna zaton yawan albarushi shi ne ƙwarewa, alhali sau da yawa ƙarin ba ya haifar da komai sai ƙara da hayaƙi da datti, harsasan kuma su watse.

Sharaɗin gwajin shi ne a sauya abu ɗaya tak a kowane zagaye. Wanda ya ƙara albarushi ya kuma sauya ƙyalle a lokaci guda, ko da harbin ya gyaru, ba zai san wanne ne ya gyara shi ba.

Ƙyallen ya kasance auduga zalla mai saƙa a matse, domin yadin roba narkewa yake yi. Kaurinsa yakan kama daga kashi 10 zuwa 18 cikin dubu na inci. Bayan harbi yana faɗuwa 'yan taku kaɗan a gaban maharbi, kuma ya kamata a tsince shi a duba. Idan tsakiyarsa ta yi baƙi a zagaye, gefensa ya ɗan tsittsinke, amma babu huji, to ya toshe iska yadda ake so. Idan kuwa ya ƙone ko ya huje, ya yi siriri ko ya rasa maiƙo, wuta tana zarcewa ta gefen harsashi ke nan. A wurin gwaji wasu yawu suke shafa masa, amma mai shiga daji kitse yake sa wa, saboda yawu yana bushewa kuma yana jawo tsatsa. Siririn bututu yana saurin cushewa da toka, shi ya sa ake share shi da ɗan tsumma mai laima bayan kowane harbi, a bi da busasshe.

Ba a zuba albarushi daga gora kai tsaye cikin bindiga, sai ta ɗan ma'auni, domin idan akwai ragowar tartsatsi a ciki gorar duka za ta tashi. Dole harsashi ya zauna daram a kan albarushi ba tare da gurbi ba, kuma yi wa sandar ɗuri alama yana nuna ko ya kai. Albarushin zamani marar hayaƙi ba ya shiga wannan bindiga ko kaɗan. Idan an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin yana duban tudun har minti ɗaya ya wuce. Bayan an gama a wanke bututun da ruwa, a busar, a shafa mai.

Aikin aji

Wani maharbi ya rubuta cewa giren 15 ya ba shi tazarar inci 3, giren 20 inci 2, giren 25 inci 1, giren 30 kuma inci 2. Ku kwafe waɗannan alƙaluma cikin littattafanku a layi biyu, ku ja layi a ƙarƙashin awon da ya dace da bindigarsa, sannan ku lissafa yawan albarushin da ya ƙona idan ya yi harbi biyar da kowane awo.