Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da ma'aunin wahalar shan magani zuwa Hausa

Dattijo mai ciwon suga da hawan jini kan fito daga asibiti a Kaduna da leda cike: wannan kafin abinci, wancan rabin ƙwaya da dare, ga allurar insulin. Don auna wahalar bin irin wannan tsari ne Johnson George da abokan aikinsa suka fitar da ma'aunin MRCI (Medication Regimen Complexity Index) a Ostireliya a 2004. Abubuwa 65 ne a kashi uku: siffar magani, sau nawa ake sha, sai ƙarin umarni, kowane abu da makinsa gwargwadon wahalarsa. Tuni aka mayar da shi Jamusanci da Sifaniyanci.

Babban kuskure shi ne haɗe abin da ma'aunin ya raba. A bakinmu "sau uku a rana" da "duk bayan awa takwas" kusan abu ɗaya ne: safe, rana, dare. A ma'aunin kuwa na farko maki 3 ne, na biyu 3.5, domin mai bin agogo sai ya katse barcinsa ko ya yi dakon lokaci. Haka kalmar "allura". Wadda ta zo a ɗure maki 3 ce, wadda ake zuƙa daga kwalba da sirinji maki 4. In mai fassara ya rubuta "allura" kawai, lissafin ya lalace tun kafin a fara. Gyaran shi ne a bar kowane layi da makinsa, ko da sai an yi doguwar jimla.

Wasu kuma kan ɗauka ma'aunin takardar tambayar majinyaci ce, su yi ta sauƙaƙa ta. Ma'aikacin lafiya ne ke cike ta daga takardar magani, shi za a rubuta wa.

Sai damƙa aikin ga mutum ɗaya don "ya iya Turanci". A samu biyu, ɗaya masanin magunguna, ɗaya gwanin harshe, kowa ya yi tasa fassarar, a haɗa. Wani da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da ita Turanci, a ga inda ma'ana ta zame.

Kada a tsaya a gari ɗaya kamar Zariya wajen gwaji. Hausar Tudun Wada daban, ta ma'aikaciyar jinya a Kafanchan da ta koye ta a kasuwa daban. A ba ma'aikata biyu takardun magani iri ɗaya, kowa ya ba da maki ba tare da leƙen ɗan'uwansa ba. Duk layin da suka saɓa a kai, a koma masa.